Gyara a Shafi na Uku Don Malama Wa-ya-ce

Rai aro ne, kuma Mai shi Yana karɓar abinSa ranar da Ya ga dama. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malamarmu, tsohuwar 'yar jarida kuma malamar koyar da aikin jarida, wadda mu ɗalibanta muke kira Malama Wa-ya-ce. Ta rasu a gidanta, a kan kujerarta, tana da shekara sittin da bakwai. Ta bar miji da 'ya ɗaya da jikoki uku.

Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandaren 'yan mata, kuma ni ke haɗa jaridar bango ta makarantarmu, wadda muke mannawa a allon sanarwa na ƙofar ɗakin karatu. Ban taɓa rubuta ta'aziyya ba. Na so in rubuta wannan da kewa kaɗai, kamar yadda ya dace, amma takaici ya riga ya shiga ciki. Ke kika hana mu rufe abin da ya faru don kawai ba shi da daɗin ji, Malama. Saboda haka zan faɗe shi yadda yake.

Kin fara aiki a gidan rediyo kina da shekara ashirin da biyar, kina karanta wasiƙun masu sauraro. Bayan shekara huɗu kika koma wannan jaridar da aka buga rubutun nan a cikinta, kika yi shekara goma sha uku kina yawon neman labari da littafi a hannu da kyamara a wuya, lokacin da mace mai rataya kyamara abin kallo ce a titi. Daga nan kika koma kwaleji, kika yi shekara ashirin da biyu kina koyar da masu son shiga aikin. Da kika yi ritaya, maimakon ki huta, sai kika zo da ƙafarki ofishin shugabar makarantarmu kika nemi a ba ki awa ɗaya duk Laraba bayan an tashi. Shekara uku ba ki fasa ba, sai sau biyu da ruwa ya cinye hanyar unguwarku. Waɗannan shekarun ban ƙirƙire su ba. Mijinki ne ya faɗa mini, na kuma gani a takardunki da 'yarki ta nuna mini.

Sunan da muka sa miki ya samo asali ne daga labarin famfo. Ƙawata da muke kira Aku, saboda bakinta ba ya hutawa, ta rubuto cewa duk famfunan makaranta sun lalace. Kika sauke tabarau kika dube ta.

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani, Malama."

"Kowa ba shi da gida, balle in je in tambaye shi. Kin murɗa su?"

Ranar a rana muka yi darasin. Muka zagaye makaranta muna murɗa famfo ɗaya bayan ɗaya, kina biye da mu da lema. Goma sha huɗu ne, tara ba sa kawo ruwa, biyu suna zuba ba tsayawa, uku lafiyarsu ƙalau. Haka muka rubuta, da wurin da kowanne yake. Shekara biyu ana ƙorafin famfunan nan ba wanda ya motsa, amma kwana goma da manna labarin sai ga mai gyara da jakarsa. Kika ce mana ihu ba ya gyara famfo, amma wanda aka nuna masa tara da yatsa ba shi da wurin ɓuya.

Ni kuwa da ƙyar ake jin muryata ko a aji. Na shiga ƙungiyar ne don na ɗauka rubutu kawai ake yi. Ranar da kika miƙo mini rikoda kika ce in je in yi hira da mai gadin makaranta, har ƙwalla na yi. Kika ja ni gefe kika ce, "Mai kunya ta fi kowa iya sauraro. Yi tambaya ɗaya, ki yi shiru, shirun zai yi miki sauran aikin." Na tambaye shi tun yaushe yake tsaron ƙofar nan, na sunkuyar da kai. Rabin awa ya yi yana magana. A nan muka ji cewa ya san iyayen wasunmu tun suna sanye da irin kayan da muke sawa.

Dokokinki uku ne, kullum suna rubuce a gefen allo. Kada a rubuta abu sai da shaidu biyu. A mayar da labari gida, wato a koma wurin wanda aka rubuta a kansa a karanta masa a gaban idonsa, domin ba kowa ke iya karantawa da kansa ba. Ta ukun ita ce kika fi maimaitawa: inda aka yi ɓarna nan ake gyara, kuma da girman da aka yi ta. Kina da wata tsohuwar takardar jarida da ta yi ja a cikin jakarki. Kin taɓa rubuta cewa daga shagon wani tela gobara ta tashi, ashe daga bayansa ne. Kika yi kwana huɗu kina tsaye a kan editanku na lokacin, sai da aka buga gyaran a shafin farko inda kuskuren ya fito. Ba lambobin yabonki kike nuna mana ba, wannan takardar kike nuna mana.

To, ga abin da ya faru bayan rasuwarki.

Ranar Alhamis, kwana biyu da binne ki, wannan jaridar da kika yi wa aiki shekara goma sha uku ta fito da labarin rasuwarki a shafi na uku. An yi masa baƙin zobe, an sa sunanki da manyan baƙaƙe, a sama kuma babban hoton wata mata tana murmushi. Matar ba ke ba ce.

A gidanku na ga jaridar, mun je gaisuwa da mahaifiyata. Wani maƙwabci ne ya shigo da ita da murna, ya miƙa wa mijinki, wanda muke kira Baba. Baba ya riƙe ta ya daɗe yana kallo. Sai ya ce a hankali, "Wannan baiwar Allah ban san ta ba." Ya ninke ta ya sa ƙarƙashin tabarma. 'Yarki ta tashi ta shiga ɗaki. Ƙaramar jikarki ta zaro jaridar tana tambayar mutane ko haka kakarta take tana yarinya.

Ni na san matar. Kin sha kawo mana hoton nan don ki koya mana yadda ake tsayawa a bar haske ya faɗa kan fuska. Wata mai sayar da gawayi ce a bayan kasuwa, kin yi labari a kanta da sauran matan layin lokacin da aka so a tashe su. Ke kika ɗauki hoton. A ma'ajiyar hotuna ta jarida, sunan wanda ya ɗauki hoto ake bugawa da hatimi a bayansa. Wanda aka aika ya nemo hotonki ya juya bayan hotuna, ya ga sunanki, ya ɗauko. Duk shekarun da kika yi a gidan, kina bayan kyamara, ba wanda ya tuna ya juyo da ita gare ki. Kuma daga mai nemowa zuwa mai tsara shafi zuwa mai duba shi na ƙarshe, ba a samu mutum ɗaya da ya ce "wa ya ce ita ce?" ba.

Na jira manya su yi magana. Malaman makarantarmu suka ce abin bai yi daɗi ba. Tsofaffin ɗalibanki na kwaleji suka cika waya da addu'o'i, wasu har da hoton nan ɗin suka haɗa. Baba ya ce a bar wa Allah, ba shi da ƙarfin hawa bene. Kowa ya ce a yi haƙuri, ai kuskure ne. Na san kuskure ne. Ke ma ba ki taɓa cewa ba a kuskure ba.

Ranar Litinin bayan an tashi na tafi ofishin jaridar da wasiƙar neman gyara. Bene ne hawa biyu, a ƙasa akwai benci da fanka mai ƙara da teburin sakatariya. Duk abin da na haddace a hanya ya gudu. Sakatariyar ta ce, "Yarinya, tallar me kika kawo?" Na miƙa mata wasiƙar. Ta ce edita yana taro, ta jefa ta cikin tire. Na yi awa ɗaya a bencin, ba wanda ya kira ni, ni ma ban iya sake buɗe baki ba. Na koma gida ina jin haushin kaina fiye da nasu.

Alhamis ta zagayo, gyaran ya fito. Sai da na bi jaridar sau biyu kafin in gan shi, a shafi na talatin da ɗaya, can ƙasa, kusa da sanarwar wani da takardar shaidarsa ta ɓace. Layi uku ne, babu hoto. Na ɗauko rula na auna. Hoton kuskuren tsawonsa santimita goma sha biyu, faɗinsa tara. Gyaran kuwa akwatin ashana ya rufe shi har da saura.

Ranar Asabar na nemi izinin mahaifiyata na tafi bayan kasuwa, layin masu gawayi, ina tambayar mata. Ban sha wahala ba, domin kowa a layin ya san zancen. Na same ta zaune a kan buhu, ta tsufa, amma murmushin yana nan. Inna Mai Gawayi ake ce mata. A bangon rumfarta, cikin leda, ga labarin da kika rubuta da hoton nan.

Ta ce ɗanta da ke aiki a nesa ya ga hoton a waya da baƙin zobe, an yanke rubutun da ke ƙasa. Ya kira, wayarta tana wurin caji. Ya baro aiki ya yi tafiyar wuni guda yana kuka, ya zo ya tarar da ita tana auna gawayi. Mata uku sun zo yi wa iyalinta gaisuwa, ɗaya ta yar da mayafi ta ruga da ta gan ta.

Sai ta tambaye ni wace ce ta rasun da gaske. Da na faɗa mata, ta ajiye kwanon awo. Ta ce kin dawo da jaridar har rumfarta, kin tsuguna cikin baƙin ƙura da fararen kayanki kin karanta mata tun daga farko har ƙarshe, kina tsayawa kina cewa, "Haka kika faɗa, Yaya?" Ta ce 'yan jarida da yawa sun zo layin a shekarar, ke kaɗai kika dawo. Ta share ido da gefen zane ta ce, "Jibi ki zo ki kai ni wurin masu jaridar."

Ranar Litinin muka je tare. Sakatariya ta ce edita yana taro. Inna ta ce, "Madalla, ashe duk suna wuri ɗaya," ta kama ƙarfen bene ta fara hawa. Na bi ta ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Editan mutum ne mai furfura kaɗan, da tabarau, takardu sun cika masa tebur. Inna ta yi sallama ta tsaya a gabansa.

"Kai ne babbansu? To, gawa ce ta zo gaishe ka. Kun kashe ni ba ku zo jana'iza ba, na ce bari in tako da ƙafata."

Ya dube ta, ya dubi jaridar da na riƙe, ya miƙe da sauri. "Subhanallahi! Inna, zauna. Wallahi ina tafiya a wancan satin, ban ga shafin ba sai da ya fito. Amma ai mun buga gyara."

"Ina yake?"

Ya buɗe ya nuna mata da yatsa. Ta kanne ido.

"Wannan? Ɗan nan, ko ƙuda ya sauka a kai ya rufe shi. Da za ku kashe ni kun samu fili, da za ku tashe ni fili ya ƙare?"

Ya ce haka tsarin gidan yake, duk gyara a wannan shafin yake fita, ba daga kansa aka fara ba. Inna ta zungure ni da gwiwar hannu. Na buɗe baki, ban san ko muryata ta kai teburin ba.

"Ranka ya daɗe, Malama ta ce inda aka yi ɓarna..."

Ban ƙarasa ba. Sai na ji ya ƙarasa da kansa: "...nan ake gyara, kuma da girman da aka yi ta."

Ya cire tabarau ya zauna. Ya tambaye ni yaushe kike koya mana, na ce Laraba. Ya ce su Litinin ce da ƙarfe takwas, a kwaleji, wanda ya makara a taga yake ɗaukar darasi. Ashe ɗalibinki ne, Malama. Wannan shi ya fi komai ci mini rai. Da bai sani ba, da na ce rashin sani ne. Ya sani, ya haddace har bai manta kalma ɗaya ba, amma sai da aka hawo da tsohuwa bene kafin ya tuna.

Sannan ya ce in rubuto ta'aziyyarki da kaina, in kawo da hotonki na gaskiya, zai ba ni shafi na uku a Alhamis ta sama. Inna ta ce, "A wurin da aka kwantar da ni?" Ya ce a wurin. Ta ce, "Da faɗinsa?" Ya ce da faɗinsa.

Na rubuta. Saura doka ta biyu, a mayar da labari gida. Ranar Asabar na je gidanku, na durƙusa gaban Baba, 'yarki tana gefe, na fara karantawa da ƙarfi kamar yadda ban taɓa yi ba. Ban wuce layi na huɗu ba. Abin da na rubuta a lokacin shi ne kin rasu a asibiti bayan doguwar jinya. Baba ya ɗaga hannu.

"Dakata, 'yata. Wa ya ce?"

Na ce mai gadin makarantarmu.

"Shi kuma wa ya ce masa?"

Ban tambaye shi ba.

Baba ya nuna mini wata kujera ta katako kusa da taga. Ya ce ba ki kwanta ciwo ko na kwana ɗaya ba. Kin karya kumallo, kin zauna a nan kina duba rubuce-rubucenmu na Laraba da jan biro, ya fita ya dawo ya tarar kanki ya jingina da bango, biron yana cinyarki. Ya ɗauko takardun ya ba ni in mayar wa masu su. Goma sha ɗaya ne, kin duba shida. Ba ki kai kan tawa ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Washegarin rasuwarki ni na rubuta sanarwa da babban alƙalami na manna a tsakiyar allon makaranta, da asibitin da jinyar duka, daga bakin mutum ɗaya. Ɗalibai sama da ɗari shida sun karanta. Kwana goma sha bakwai tana manne a can, ni kuwa ina hawa benen mutane ina auna kuskurensu da rula. Baba bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ci gaba, ita ma da kanta take farawa." Ranar Litinin na cire sanarwar, na manna gyara a gurbinta, a tsakiyar allon, da alƙalamin da na yi ta farkon, na sa hannu a ƙasa. Aku ta ce na tona wa kaina asiri. Na ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Daga nan na wuce bayan kasuwa na karanta wa Inna nata ɓangaren. Ta ce mata huɗu ne suka zo gaisuwa ba uku ba, sai maƙwabciyarta ta rantse uku ne, ita ma Inna da ta sake lissafawa ta yarda.

Har yanzu takaicin bai sake ni ba, ba zan yi ƙarya ba. Shekara ashirin da biyu kina koyar da masu wannan aikin, amma ranar da labarin ya zama naki, sati uku aka ɗauka kafin a sa fuskarki a ƙarƙashin sunanki. Ina roƙon duk ɗalibinki da ya tura hoton nan a waya ya koma wurin da ya tura shi ya gyara. Ba sai ya yi dogon bayani ba. Ya san dokar.

Ga Inna Mai Gawayi, wadda hotonta ya fito a wannan shafi ranar sha uku ga Maris: tana nan da ranta da lafiyarta, Allah Ya ƙara mata tsawon kwana, Ya huci zuciyar ɗanta.

Ga Baba, da 'yarki, da jikokinki: Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi namu, Ya sa ku ga albarkar abin da ta shuka. Ku yafe mana, mu da muka ƙara muku ciwo a kan ciwo da gaggawarmu.

Ke kuma Malama, Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata makwancinki Ya haskaka shi. Ya sa gaskiyar da kika tsare ta tsaya miki a ranar da ba a neman shaidu biyu, domin Mai hukuncin Ya gani da kanSa. Ya sa Aljanna ce makomarki, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Hoton da ke saman wannan rubutu 'yarki ce ta ɗauke shi bara a tsakar gidanku, ba ki shirya ba, kin ɗaga yatsa za ki ce mata ta koma ta wancan gefen saboda haske. Ke ce, Malama. Mijinki ya ce, 'yarki ta ce, ni ma na gani da idona.